Yadda Za Mu Shirya Ɗakin Sana'a A Gida

Galibinmu manoma ne. Amma noman damina a ƙasarmu aikin wata biyar ne ko shida. Idan kaka ta wuce, an zuba hatsi a rumbu, sai kowa ya koma kan sana'arsa. Wani maƙeri ne, wani kafinta, wani baduku, wani tela, wani kuwa gyaran keke da babur ya ke yi. Mata kuma suna da nasu, kamar ɗinki, da saƙa, da matsar man gyaɗa, da yin sabulu.

To, a ina mu ke yin wannan aiki? Da yawanmu a wani ɗan ɗaki ne da ba wanda ya yarda ya kwana a ciki. Ga duhu, ga zafi, ga hayaƙi. Mutum ya wuni a tsugune yana ƙanƙance ido. Da magariba ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, yana tari. In an yi masa sannu sai ya ce, "Ai haka sana'a ta gada." Alhali kuwa laifin na ɗakin ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mai sana'a ya kan yi sa'a 8 ko 10 kullum a wurin aikinsa. Watau ya fi daɗewa a can bisa ga ɗakin da ya ke kwana. Daga nan ne kuma kuɗin cefane ke fitowa, da na sutura, da na makarantar yara. Ashe ɗakin da ke ciyar da gida bai kamata ya zama shi ne mafi muni a gidan ba.

Babban jarin mai sana'a shi ne idonsa, da ƙirjinsa, da gadon bayansa. Guduma in ta karye a kan sayi wata ran kasuwa. Ido in ya lalace ba kasuwar da a ke sayar da shi. Saboda haka za mu duba, ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da ke sa ɗakin sana'a ya yi daɗin zama, aiki kuma ya yi sauri. Yawancinsu dabara su ke so fiye da kuɗi.

Zaɓen wuri

Tun ran gini ran zane. Kafin a haƙa tushe, sai a tsaya a duba wuri da kyau.

Ga namiji, wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da zaure, ƙofa tana kallon waje. Ta haka mai kawo aiki zai iske mu ba sai ya ratsa cikin gida ba. Macen da ke sana'a a cikin gida kuwa ta sami ɗaki ko rumfa a gefe guda, dabam da madafa.

Mu lura da wurin tun da damina. Inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama, nan ba wurin gini ba ne. Danshi ya kan ci gindin bango, ya sa ƙarfe tsatsa, ya ɓata fata da yadi, ya kuma jawo gara. Mu nemi ɗan tudu. Wanda ke aiki da wuta ya yi nesa da rumbu, da tarin kara, da harawa.

Abu mafi girma shi ne a raba wurin aiki da wurin da yara ke wasa. A shekarar 2010, a waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, yara ƙanana suka yi ta mutuwa. Da aka bincika sai aka tarar mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida, suna dakawa suna niƙawa a tsakar gida. Dutsen nan kuwa yana ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci da ruwan sha. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kwashe ƙasar gidajen aka zuba sabuwa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsohon batir na mota shi ma dalma ce a cikinsa. Ƙurar aiki, da fenti, da mai, da soda, duk su tsaya a ɗakin aiki. Rigar aiki ma a rataye ta can. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu ci abinci ko mu ɗauki yaro.

Ina ɗaki zai fuskanta?

Rana tana fitowa daga gabas, ta fāɗi yamma. Da safe bangon gabas ta ke duka. Daga azahar zuwa la'asar bangon yamma ta ke duka, zafin wannan lokaci kuwa shi ya fi tsanani. Saboda haka gajerun bangaye su za su kalli gabas da yamma. Dogayen su kalli kudu da arewa, nan ne kuma za a fitar da ƙofa da tagogi.

Akwai wani dalili kuma. Mun sani hadari daga gabas ya ke tasowa, ruwa da iska bangon gabas su ke tsula wa. Iskar hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Iska mai sanyin nan da mu ke jira da ƙarshen bazara da damina kuwa daga kudu maso yamma ta ke busowa. Ƙofar da ta kalli kudu ta tsira daga ruwa da ƙura, ta kuma sami iska mai daɗi. In hanya ta tilasta mana fitar da ƙofa yamma, sai mu kafa rumfa a gabanta.

Mu dasa itace a yamma da ɗakin, kamar dogon yaro, don ya tare rana. Kada a dasa shi gab da bango, a ba shi kamar ƙafa 15, saboda saiwoyi.

Girman ɗaki fa? Ɗaki mai tsawon ƙafa 15 da faɗin ƙafa 12 ya ishi mutum ɗaya da yaron aikinsa. Tela ko baduku ya iya yi da wanda bai kai haka ba. Kafinta ya auna katako mafi tsawo da ya ke aiki da shi, ya tabbata zai iya juya shi. Faɗin ƙofa kada ya kasa ƙafa 3, ta kafinta ma ta kai 4. Abin kunya ne mutum ya gama harhaɗa gado, sa'an nan gadon ya ƙi fita ta ƙofa.

Bango da rufi

Da bazara zafi ya kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri. Mai aiki cikin irin wannan zafi ya kan gaji da wuri, hankalinsa ya rabu, ya yanke yadi ba daidai ba, ko ya doke yatsansa da guduma.

Kada mu raina ginin ƙasa. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratso ciki sai dare ya yi. Mai sana'a kuwa da rana ya ke aiki. Shi ya sa soro ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi da tsakar rana. Sai dai ginin ƙasa yana son kulawa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a yi masa yaɓe, a shafe bangon gabas da makuba, a share indararo. Shafen siminti a kan bangon ƙasa ya kan ɓamɓare, ruwa ya shiga bayansa ya yi ɓarna ba a gani ba.

Azara daga giginya a ke tsaga ta, gara kuma ba ta cika cinta ba. Amma in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, ta kan lanƙwashe saboda nauyin ƙasa. Ɗaki mai faɗin ƙafa 12 sai magini ya ɗaura masa baka, ko ya tsai da ginshiƙi.

In kwano za mu sa, akwai dabara uku. Ta fari, a ɗaga bango ya kai ƙafa 10, don kwano ya yi nesa da kanmu. Ta biyu, a yi silin a ƙarƙashinsa, ko da na tabarma ne ko zana, a bar sarari tsakaninsu inda iska za ta riƙa ratsawa. Ta uku, a shafa wa bayan kwanon farin fenti. Fari yana mayar da hasken rana, baƙi da mai tsatsa kuwa shanye shi su ke yi. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa 2, don ya yi wa tagogi inuwa, ya kuma kare bango daga ruwa.

Jinka tana da sanyi, amma ba ta maƙeri ba ce, ko mai walda, ko mai suya. Haka nan silin na zana. Tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda kuma ya gāji tsohon silin irin na asbesto, kada ya yanka shi da zarto ko ya farfasa shi, domin ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru.

Iska

Iska ba ta shiga ɗaki sai ta ga mafita. Ɗaki mai ƙofa kaɗai kamar tulu ya ke. Saboda haka a fitar da taga a bangon kudu, a fitar da wata a na arewa, su kalli juna.

Mun ga yadda hayaƙi ke tashi sama. Iska mai zafi ma haka ta ke yi. Mu bar ƙananan kafofi a can saman bango, gab da rufi, don zafi ya sami hanyar fita. A rufe su da raga saboda tsuntsaye da jemagu. Tagogi kuwa a sa musu sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, da marufin katako wanda za a rufe na arewa in hunturu ya yi ƙura.

Kakanninmu maƙera sun san abin da su ke yi da suka bar maƙera a buɗe ta gefe. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata muguwar iska wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Daga nan sai barci, wani kuwa ba ya farkawa. Janareta ma irin wannan iska ya ke fitarwa. Kada a tayar da shi a cikin ɗaki, ko a zaure, ko a gindin taga. A ajiye shi waje, kamar ƙafa 20 daga ƙofa da tagogi, a yi masa 'yar rumfarsa ta kwano. In mun ji kanmu yana sarawa muna cikin aiki da wuta, mu fita waje nan da nan.

Aiki mai ƙura, kamar goge katako, da aiki mai wari, kamar fenti, a rumfar waje a ke yinsu, a kuma rufe hanci da baki.

Haske

Duhu shi ke gajiyar da idon tela da baduku. Shi ke sa mutum ya yi ta sunkuyawa har wuya ya ƙage. Masana gini suna da ƙa'ida mai sauƙi: jimlar tagogi kada ta kasa kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗaki. Mu gwada da ɗakinmu. 15 sau 12, 180 ke nan. Kashi ɗaya cikin goma na 180 shi ne 18. Taga mai faɗin ƙafa 2 da tsayin ƙafa 3 tana ba da 6. Ashe taga uku mu ke bukata, domin 6 sau 3 shi ne 18.

Teburin aiki a gindin taga ya ke zama. Mai aiki da hannun dama ya zauna yadda haske zai zo masa ta hagu, bahago kuwa ta dama. In ba haka ba, inuwar hannunsa za ta rufe masa bakin allura. Kada mu ba taga baya, kada kuma mu zauna rana tana dukan idonmu.

A shafe cikin ɗaki da farar ƙasa. Wannan aikin yini ɗaya ne, amma za mu ga kamar an ƙara taga.

Domin aikin dare, yanzu akwai faranti mai tara hasken rana, wanda a ke kira sola, da batirinsa. Ƙwai irin na LED mai wat 5 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 40, ba ya kuma ƙara wa ɗaki zafi. Ƙwai biyu sun isa, ɗaya a tsakiyar ɗaki, ɗaya daidai saman teburi. Farantin ya kalli kudu a ɗan karkace, a riƙa goge masa ƙura da hunturu. Batir kuwa a ɗora shi kan katako, inda iska ke ratsawa, nesa da wuta. Jan waya aikin wanda ya koya ne. Kada a bar waya tsirara, ko a shimfiɗe a ƙasa inda za a taka.

Daɓe da teburi da wurin zama

Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu da kamar taƙi ɗaya, don kada ruwa ya kwararo ciki. Daɓen gargajiya wanda aka doke da madaɓi, aka shayar da makuba, yana da kyau ƙwarai, ba ya kuma gajiyar da ƙafa. In na siminti za a yi, a fara shimfiɗa leda don tare danshi. A kwaɓa awo ɗaya na siminti, da awo biyu na yashi, da awo huɗu na tsakuwa. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, in ba haka ba zai tsattsage. Wanda ke aiki a tsaye ya shimfiɗa katako ko tabarma mai kauri inda ya ke tsayawa.

Teburi sai a auna shi da jikin mai shi. Kafinta ya tsaya a miƙe, ya saki hannuwansa. Inda wuyan hannunsa ya tsaya, nan ne tsayin teburinsa. Ga yawancin mutane bai cika ƙafa 3 ba. Teburin ya zama mai nauyi, wanda ba ya rawa in ana zarto. Ƙafafunsa kuwa a ɗora su kan duwatsu saboda gara.

Mai aiki a zaune, kamar tela, ya sami kujera mai majingina. In ya zauna, tafin ƙafarsa ya taka matakin keke sosai, gwiwar hannunsa kuma ta yi daidai da saman teburi. Maƙeri da baduku sun saba zama a ƙasa. Su sami buzu ko 'yar kujera, su kuma jera kayansu inda hannu zai kai. Maƙeri ya sa uwar maƙera a gabansa, awartaki da masaba a gefensa, kaskon ruwa kusa, yaro mai zugazugi kuma ya zauna inda hayaƙi ba ya bi.

Kowane irin zama mu ke yi, mu miƙe bayan kowace sa'a, mu taka, mu dubi nesa don ido ya huta.

Kowane abu da mazauninsa

A ce mutum yana ɓata minti 30 kullum wajen neman almakashi ko sufana. A kwana 6 ya yi asarar sa'a 3. A wata ɗaya ya yi asarar sa'a 12, watau fiye da aikin yini guda. Ga maganin wannan.

Mu sami faffaɗan katako mu kafa a bango, kusa da teburi. Mu buga ƙusoshi, mu rataye zarto, da guduma, da magagari, da filaya, kowanne a ƙusarsa. Sa'an nan mu zana siffar kowanne a jikin katakon da fenti ko gawayi, mu rubuta sunansa a ƙasa. Da yamma kallo ɗaya ya isa mu san abin da bai dawo ba. Yaron aiki ma zai san inda zai mayar da kome, ya kuma koyi karanta sunayen.

Ƙananan kaya, kamar ƙusa, da noti, da maɓalli, da allura, a zuba su cikin gwangwanaye, a rubuta suna a jikin kowanne, a jera kan kanta. Abu mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Abu mai kaifi, kamar wuƙa da basilla da gizago, a sa shi inda hannun yaro ba ya kai.

Katako da fata da yadi ba a ajiye su a ƙasa ko jingine da bango. A yi musu ɗan gado a ɗora su, don iska ta ratsa, mu kuma ga hanyar gara tun tana farawa. Da damina a riƙa shafa wa ƙarafa ɗan mai saboda tsatsa. Aikin da aka gama a ware masa wurinsa, a liƙa takarda mai sunan mai shi.

Wuta da rauni

Rigakafi ya fi magani. Da hunturu kome a bushe ya ke, ga iska, shi ya sa gobara ta fi yawa a lokacin. A bakin ƙofa mu ajiye bokiti biyu, ɗaya cike da yashi, ɗaya da ruwa. Wutar kara da katako ruwa ke kashe ta. Wutar fetur, ko kananzir, ko man suya ba a zuba mata ruwa, domin man zai hau kan ruwan ya bazu. Yashi a ke zuba mata, ko a rufe kaskon da murfi. Wutar da ta tashi daga waya kuwa, a fara kashe lantarkin tukuna.

Fetur ba a ɗakin aiki a ke ajiye shi ba. Tururinsa yana bin ƙasa, ya iske wuta ko da tana nesa. Kada kuma a zuba kananzir ko ruwan soda a kwalbar lemo. Yaro mai jin ƙishirwa ba ya tambaya. Kowace jarka a rubuta abin da ke cikinta, a rufe, a kulle.

Kullum kafin mu tashi, mu share ɓawon katako da ƙyallaye, mu kashe garwashi da ruwa, mu tabbata dutsen guga ya huce. Hanyar ƙofa kuma kada a tare ta da kaya.

Mu tanadi ɗan akwati mai sabulu, da auduga, da bandeji, da filasta. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. Ba a shafa mai, ko ƙwai, ko toka. In an yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke. Ƙusa in ta soki mutum a je asibiti a yi allurar tetanus, watau ciwon nan mai sarƙe haƙora. Ɓarɓashin ƙarfe in ya fāɗa ido ba a murzawa, ba a kuma ƙwaƙulewa. A wanke da ruwa, in bai fita ba sai asibiti. Mai wasa ƙarfe da inji ya sa tabarau mai kare ido. Mai walda ya yi aiki da gilashin walda na ainihi, domin baƙin tabarau na ado ba ya tare hasken nan. Injin da ƙararsa ta sa sai mun yi ihu kafin na kusa da mu ya ji, yana cin kunne a hankali, sai a toshe kunnuwa.

Randa, da benci, da littafi

Abu uku suka rage. Na fari randa, a inuwa, da murfinta da moɗarta. Mai aiki cikin zafi ya riƙa shan ruwa tun bai ji ƙishirwa ba. Na biyu benci ko dakali a rumfar waje, inda mai kawo aiki da abokin hira za su zauna. Sun sami inuwa, mu kuma ba su tare mana haske ba, ba su kuma zauna kan almakashi ba.

Na uku littafi da biro, a wata 'yar kanta da ruwa ba ya kai. A ciki za mu rubuta sunan wanda ya kawo aiki, da awonsa, da abin da ya bayar, da abin da ya rage, da ranar alkawari. Yawancin rigimar mai sana'a da masu kawo masa aiki daga mantuwa ta ke tasowa. Abin da aka rubuta ba ya mantuwa.

Da wanne za mu fara?

Wani zai ce, "Duk wannan sai mai kuɗi." To, mu duba. Shara, da jera kaya, da bokitin yashi, da fitar da janareta waje, ba su cin ko kwabo. Waɗannan a yi su cikin makon nan. Farar ƙasa, da katakon rataye kaya, da gyaran tsayin teburi, kuɗinsu kaɗan ne, a yi su cikin watan nan. Fasa taga, da silin, da rumfa, a bari sai an sayar da amfanin gona. Sola kuwa sai sana'ar ta saya da kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu sana'a huɗu ko biyar su iya haɗa gayya. Wannan mako a gyara ɗakin wannan, mako mai zuwa na wancan. Kafinta ya yi wa maƙeri marufin taga, maƙeri ya yi masa sandunan ƙarfe. Kafin ruwa ya sauka mu koma gona, an gama da kowa.

Tambayoyi

1. Don me a ke so dogayen bangaye su kalli kudu da arewa?
2. Me ya kashe yara a Zamfara a shekarar 2010, ta yaya kuma ya shiga gidaje?
3. Faɗi dabara uku na rage zafin kwano.
4. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10, taga nawa ya ke bukata in kowace tana da ƙafa 2 da ƙafa 3?
5. Wace wuta ce ba a zuba mata ruwa?

Aikin gida

Kowa ya auna tsawo da faɗin wurin aikinsa, ya ƙirga tagoginsa, ya rubuta sunayen kayan aikinsa guda goma. A zo da takardar aji, mu duba tare.